Hoton MRI ga yara: Shirin da ke kan iyaye kafin a bar gida

Idan likita a Tambuwal ko Kebbe ya duba yaro ya rubuta cewa a yi masa hoton MRI, ya rubuta wa iyalin tafiya ke nan. Na'urar ba ta cikin kayan aikin da aka saba samu a asibitocin ƙananan hukumomi, don haka galibi Sakkwato ake nufa, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake da sashen hotuna da kuma cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ke karɓar marasa lafiya daga jihohin Arewa maso Yamma. Daga Tambuwal tafiyar ta kusa kilomita 100 ta hanyar Shagari da Boɗinga. Mutumin Kebbe, wadda ke can kudancin jihar a kan iyaka da Zamfara da jihar Kebbi, tasa ta fi haka nisa. Wasu kuma sai an tura su Kano.

Ƙarancin na'urar ba a Sakkwato kaɗai yake ba. Wani bincike da Farfesa Godwin Ogbole na Ibadan da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya ƙirga na'urorin MRI 84 a duk Afirka ta Yamma a shekarar 2016, guda 58 daga ciki a Najeriya, kuma mafi yawansu masu ƙaramin ƙarfi ne. An samu ƙari tun daga lokacin, amma har yanzu a manyan birane suke. Ma'anar wannan ga magidanci ita ce, ranar da aka ba shi tana da tsada. Ya biya kuɗin mota da na hoto, ya rufe shago ko ya nemi izini a ofis, kuma idan yaron ya ƙi kwanciya, ko aka gano an ba shi koko a hanya alhali za a sa shi barci, sai a ce ya koma ya dawo wani makon. Yawancin abubuwan da ke jawo irin wannan asara a gida ake magance su, kwanaki kafin a hau mota.

Yadda na'urar ke aiki da dalilin hana motsi

MRI hanya ce ta ganin cikin jiki da maganaɗisu da zangon rediyo. Jikin ɗan Adam mafi yawansa ruwa ne, ruwa kuma yana ɗauke da sinadarin haidirojin. Idan aka shigar da mutum cikin ƙaƙƙarfan maganaɗisu, ƙwayoyin haidirojin ɗin nan sukan jeru su fuskanci gefe guda. Sai na'urar ta aika musu zangon rediyo ya karkatar da su, yayin da suke komawa yadda suke kuma su fitar da wata 'yar alama da ake kamawa, kwamfuta ta mayar da ita hoto. Kitse da tsoka da ruwa da ƙari kowanne da irin saurin komawarsa, shi ya sa ake bambanta su. Paul Lauterbur na Amurka ne ya wallafa hanyar fitar da hoto ta wannan dabara a 1973, Peter Mansfield na Ingila ya gano yadda za a hanzarta ta, kuma su biyun suka raba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2003.

Babu hasken nan mai ratsa jiki da ake amfani da shi a hoton ƙashi na eksire ko hoton CT, wanda likitoci ke takatsantsan da yawan haska wa yara. Babu yanka, babu ciwo. Inda MRI ya fi sauran shi ne nuna sassa masu taushi, wato ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya da gaɓoɓi da ɓargo.

Wahalarsa lokaci ne. Hoton eksire ƙiftawar ido ne, shi kuwa MRI tattara shi ake yi kaɗan-kaɗan. Ana ɗaukar sa zubi-zubi, kowane zubi minti biyu zuwa shida ko fiye, gaba ɗaya kuma daga minti 20 zuwa awa guda, gwargwadon wurin da ake dubawa da ƙarfin na'urar. Idan yaro ya juya kai sau ɗaya a tsakiyar zubi, dukkan hotunan wannan zubin ne ke dusashewa, sai an sake daga farko. Na'urori masu ƙaramin ƙarfi sun fi jan lokaci, ko da yake da yawansu a buɗe suke ta gefe, abin da ke rage wa yaro fargaba.

Sai ƙara. Wayoyin da ke cikin na'urar suna girgiza yayin da wuta ke shiga da fita cikinsu da sauri, sai a ji bugu da ƙugi kamar an haɗa injin niƙa da maƙera a ɗaki ɗaya. A manyan na'urori ƙarar kan haura desibel 100, don haka dole a toshe wa yaro kunne, haka ma wanda zai zauna kusa da shi.

Yaran da ake turawa

Farfaɗiya na kan gaba, musamman wadda ke kama ɓangare ɗaya na jiki ko ta ƙi jin magani. Akwai jaririn da kansa ke girma fiye da ƙima saboda taruwar ruwa, da wanda aka haifa da ƙullutu a gadon baya, da yaron da ya wuce lokacin zama ko tafiya bai yi ba, da mai ciwon kai da amai da safe wanda ake zargin ƙari, da mai tarin fuka na ƙashin baya. A wannan yanki akwai ƙarin dalilai biyu. Sakkwato na cikin yankin sanƙarau na Afirka, kuma annobar da ta faro daga Zamfara a ƙarshen 2016 ta bazu zuwa Sakkwato da Kebbi da Katsina da Neja a 2017. Yaron da ya tashi daga sanƙarau yakan rage da kurumta ko farfaɗiya ko ruwa a kai, likita kuma ya so ganin irin ɓarnar da aka yi. Na biyu cutar sikila, wadda kan toshe jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwar yaro, wani lokaci ba tare da shanyewar da ido zai gani ba, sai dai a ga karatunsa ya ja baya.

Ba laifi ba ne uba ya tambayi likita abin da ake son hoton ya amsa, da abin da zai canza a magani idan an gani. Likita nagari ba ya jin haushin wannan tambaya. Jaririn da maɗigarsa ba ta rufe ba, sau da yawa sikanin ta maɗiga kan isa a matakin farko. Yaron da ya faɗo daga babur ya bugu a kai kuma CT ya fi dacewa da shi, domin cikin mintuna ake gamawa.

Za a sa shi barci ko a farke za a yi?

Wannan ce tambayar da ya kamata a samu amsarta tun ranar karɓar lokaci, domin duk sauran shirin a kanta ya rataya.

Jarirai 'yan ƙasa da wata uku, wani lokaci har zuwa wata shida, akan yi musu ba tare da magani ba. Ana ɗan jinkirta ba su nono, a hana su barci kafin lokacin, sa'an nan uwa ta shayar da su a asibitin, a naɗe su da zane, a toshe kunne, su yi barcinsu. Uwar da aka shirya wa wannan hanya ta yi ƙoƙari kada jaririn ya kwashe barcinsa a mota tsakanin Shagari da Sakkwato.

Daga wata shida zuwa shekara biyar ko shida, yawanci sai da maganin barci, na sha ko na allura, wani lokaci ma cikakken sa barci irin na tiyata. Haka yaron da ya fi wannan shekaru amma yana da lalurar da ba zai iya natsuwa ba. Daga shekara shida zuwa sama kuwa, yara da yawa suna iya kwanciya da kansu idan an shirya su, kuma wannan ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin haɗari.

Akwai kuskuren da ya zama dole a ja kunne a kansa. Wasu iyaye, don gudun kada a maido su, sukan biya ta kemis su sayi maganin mura mai sa barci ko ƙwayar kwantar da hankali su ɗura wa yaro kafin a isa. Idan likita bai sani ba ya ƙara nasa a kai, numfashin yaron na iya raunana yana cikin na'ura, inda ba a ganin fuskarsa sosai. Wasu yaran ma irin wannan magani tayar musu da hankali yake yi maimakon ya kwantar. Duk abin da yaro ya sha cikin kwanakin, na asibiti ne ko jiƙo ko rubutu da aka haɗa da wani sassaƙe, a faɗa wa likita. Ba don a yi wa kowa faɗa ake tambaya ba.

Hana ci kafin maganin barci

Yaron da aka sa barci ba ya iya kare maƙogwaronsa. Idan akwai abinci a cikinsa ya yi amai, aman kan gangara huhu, wannan kuma yana iya kisa. Ƙa'idar da likitocin sa barci suka fi bi ita ce awa shida ba abinci ba madarar gwangwani, awa huɗu ba nonon uwa, awa biyu ba ruwa. Abinci mai maiƙo ko nama akan ce awa takwas. Wasu asibitoci suna barin ruwa har saura awa ɗaya. Abin da asibitin ya rubuta shi za a bi.

Inda ake samun tangarɗa shi ne ma'anar abinci. Koko da kunu da fura da nono da shayi mai madara duk abinci ne a wannan lissafi, ko da kuwa sha ake yi. Biskit ɗaya abinci ne. Ruwan da aka yarda da shi shi ne wanda ake hango ƙasan kofi ta cikinsa, kamar ruwa zalla ko ruwa da ɗan sukari. Idan an ba da ƙarfe 10 na safe, abincin ƙarshe ƙarfe 4 na asuba ne, nonon uwa ƙarfe 6, ruwa ƙarfe 8. A gaya wa duk wanda ke cikin tafiyar, domin sau da yawa kaka ce ko wani fasinja mai tausayi ke miƙa wa yaro ƙosai a tasha ganin yana kuka. Idan hakan ta faru a faɗi gaskiya. Ɗage hoto da 'yan awanni ya fi abin da ɓoyewa kan jawo.

Kishiyar wannan ma kuskure ce, wato a hana yaro komai tun daren jiya don a nuna an bi doka. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, kuma yaron da ya yi awa goma sha biyu ba ruwa a cikin mota zai iso a galabaice, jijiyarsa ta ɓuya, sukarin jininsa ya sauka. Ga mai sikila abin ya fi muni, domin ƙishirwa da sanyin ɗakin na'ura da ƙarancin iska duk suna tayar da ciwon. Lallai ne likitan sa barci ya san yaro mai sikila ne tun kafin ranar, don a ba shi lokacin farko da safe ko a sa masa ƙarin ruwa. Mai ciwon sukari ma sai an tsara masa nasa daban. Maganin farfaɗiya kuwa ba a tsallake shi saboda hana ci, akan ba da shi a lokacinsa da ɗan kurɓin ruwa, amma a tabbatar daga bakin likita.

Saboda duk wannan, iyalin da ke da ɗan'uwa a Sakkwato gara su kwana can. Mutumin Kebbe da zai fito da asuba da yaron da ba a ba abinci ba, ya jira mota ta cika, ya yi ta tsayawa a shingayen bincike, da wuya ya cika alƙawarin ƙarfe 9. Kuma kafin a taso a buga waya a tabbatar na'urar na aiki kuma likitan sa barci zai kasance a ranar. Idan yaro ya wayi gari da zazzaɓi ko tari ko majina mai kauri, kamar yadda ake yawan yi da hunturu da damina, a sanar ta waya, domin akan ɗage sa barci har ya warke.

Ƙarfe

Ƙarfin maganaɗisun da aka fi amfani da shi a manyan na'urori tesla 1.5 ne, wato kusan ninki 30,000 na maganaɗisun ƙasa da ke juya allurar kamfas. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba a kashe shi. Ko ba kowa a ciki, ko dare ne, ko an ɗauke wuta, yana nan da ƙarfinsa. A watan Yulin 2001, a wani asibiti a jihar New York ta Amurka, wani yaro ɗan shekara shida ya rasu bayan na'urar ta fizgo tukunyar iskar oksijin ta ƙarfe da aka shigo da ita ɗakin, ta buge shi a kai yana kwance. Tun daga nan aka ƙara tsaurara dokar shiga ɗakin a duniya. Idan ma'aikaci ya tsare uba a ƙofa ya ce ya zazzage aljihu, ba wulaƙanci ba ne.

Takardar tambayoyin da ake cikawa ba ta san kayan jikin yaranmu ba, don haka iyaye ne za su cike giɓin. 'Yan kunne da awarwaro da zobe da sarƙa a bayyane suke. Waɗanda ake mantawa su ne jigida mai maɗaurin ƙarfe, da fil ɗin hijabi, da ƙananan maƙalai da ƙarafan ado da ake sa wa yarinya a kitso, da tufafi masu zare mai ƙyalli ko zif ko maɓallin ƙarfe. Ƙarfen da maganaɗisu bai ja ba ma yana iya ɗaukar zafi ya ƙona fata, ko ya jefa baƙin tabo a hoton daidai inda likita ke son gani. Riga da wando na auduga marasa ado sun wadatar. Idan hoton kai ne, a tsefe kitso mai tudu a ƙeya, domin kan zai kwanta cikin wani abu mai kama da kwando na tsawon lokaci, tudun kuma zai dame ta har ta motsa.

Kwalli a wanke shi tas tun a gida, kada kuma a sa ranar. Kayan kwalliyar ido sukan ƙunshi burbushin ma'adinai da ke ɓata hoton ido da gaban ƙwaƙwalwa. Idan za a sa barci, a bar yatsa ko ɗaya ba jan farce ba baƙin lalle, domin a yatsa ake maƙala abin da ke auna iskar da ke cikin jini.

Laya da kambu da guru sai an cire. Ma'aikaci ba ya ganin abin da aka ɗinke cikin fata, kuma akan samu waya ko allura ko ɗan ƙarfe a ciki. Gara a yi wannan magana a gida da wanda ya ɗaura, a kwance a ajiye a jakar uwa a mayar bayan an fito, da a tsaya jayayya a ƙofar ɗaki lokaci na tafiya. Addu'a kuwa babu mai hana uwa yin ta a gefen ɗanta.

Ƙarfen da ke cikin jiki ya fi wanda ke waje haɗari. A faɗa idan an taɓa yi wa yaron tiyata, ko an sa masa ƙarfe a ƙashi, ko na'urar ji da ake dasawa a kunne, ko ta daidaita bugun zuciya. Yaron da aka sa wa bututun janye ruwa daga kai a zo da takardar aikin, domin akwai nau'in da maganaɗisu ke sauya masa saiti, sai an duba an gyara bayan hoton. Yaran da ke koyon walda ko ƙira ko aikin gareji, a tuna ko tartsatsin ƙarfe ya taɓa faɗa musu a ido, domin ɗan ɓarɓashin da ya shekara a ido zai iya motsawa ya makantar. Haka wanda harsashi ko ƙwayar bindigar toka ta taɓa samu, abin da rashin tsaro ya sa ba baƙon labari ba ne a ƙauyukan kan iyakar Zamfara. A irin wannan hali akan fara yin eksire a gani.

Shirya zuciyar yaro

Yaron da za a yi wa a farke, shirinsa wasa ne da gaskiya. Ɗan shekara biyar ko shida a gaya masa saura kwana ɗaya ko biyu, wanda ya kai goma a ba shi mako guda ya yi tambayoyinsa. A faɗa masa da kalmomin da ya sani: zai kwanta a kan gado, gadon zai shiga cikin wani babban zobe mai buɗe ta gaba da baya, akwai fitila da iska a ciki, zai ji ƙara mai yawa, babu abin da zai taɓa shi, aikinsa kawai ya kwanta kamar gunki. Za a ba shi wata 'yar roba a hannu da zai matsa idan yana son magana, mai ɗaukar hoton yana ganinsa ta gilashi yana kuma jin sa.

Sa'an nan a gwada. A samo babban kwali a buɗe shi ta gefe biyu, ko a yi amfani da ƙarƙashin tebur, ya kwanta rigingine, a kunna masa ƙarar MRI a waya, ana samun ta a YouTube. A fara da minti ɗaya, gobe biyu, har a kai biyar, ana yabonsa. 'Yan'uwansa su shiga gasar. A koya masa cewa haɗiyar yawu da ƙifta ido ba laifi, amma gyaɗa kai don amsa tambaya motsi ne. Rufe ido tun kafin gadon ya fara shiga yana taimakon masu tsoron ƙuntataccen wuri.

Manya su kula da bakinsu. An saba jin wanda aka taɓa yi wa hoton yana ba da labari a tsakar gida cewa kamar an sa shi a kabari, yaro kuma yana gefe yana ji. Kalma ɗaya irin wannan ta isa ta rushe shirin mako guda. Haka al'adar tsorata yaro da allura idan ya yi ƙiriniya, ranar irin wannan ake biyan bashinta. Kada kuma a yi masa alƙawarin babu allura sai an tabbatar, domin yaron da aka yaudara a ƙofa ba zai yarda da maganar kowa a ciki ba.

Allurar tana zuwa ne idan za a sa barci ko za a ba da ruwan ƙara hasken hoto, wanda ake yi da sinadarin gadoliniyam. Ana sa shi ta jijiya don ƙari ko kumburi ko ƙurji ya fito sarai, ba kowane hoto ne ke bukatarsa ba. Ƙoda ce ke fitar da shi ta fitsari, shi ya sa akan nemi gwajin ƙoda tukuna ga yaron da ake shakkar tasa, kuma a faɗa idan yana da asma ko wani magani ya taɓa tayar masa da borin jini. Yakan ji sanyi a hannu lokacin da ake turawa.

Ranar hoton

Mutum biyu ya kamata su raka yaro. Ana barin ɗaya ya shiga ɗakin ya riƙe ƙafarsa idan a farke za a yi, bayan shi ma an tantance shi kamar mara lafiyar: waya, makulli, agogo, tsabar kuɗi, fil, da katin ATM, wanda maganaɗisu kan goge. Mace mai ciki galibi ba a barin ta zauna a ciki, don haka idan uwa na da juna biyu a zo da gwaggo ko inna da yaron ya saba da ita. Dole kuma a samu uba ko uwa ko waliyyin da zai sa hannu a takardar amincewa, musamman idan akwai sa barci. Iyalai sun sha zaman jira saboda mai sa hannun yana kasuwa.

A riƙo takardar turawa, da katin asibiti, da duk tsofaffin hotuna da sakamakon gwaji, da magungunan da yake sha a cikin kwalayensu. A riƙo zane ko bargo marar ado, domin ɗakin da sanyi, da abincin da zai ci bayan an gama. Ya yi fitsari kafin a shiga, jariri a canza masa ƙunzugu.

Batun kuɗi a tambaye shi dalla-dalla tun farko, domin kuɗin hoto daban, na ruwan allura daban, na sa barci daban, kuma sau da yawa na farkon kawai ake faɗa. Ma'aikacin gwamnati da ke cikin inshorar lafiya ta tarayya, NHIA, ko ta jihar Sakkwato, SOCHEMA, ya nemi lambar amincewa daga asibitinsa na farko kafin ya taso, ya kuma tambayi kason da zai biya daga aljihunsa, domin manyan hotuna irin wannan ba kasafai inshora ke ɗaukar su gaba ɗaya ba.

Bayan an fito

Wanda aka yi wa a farke zai ci abincinsa ya kama hanya. Wanda aka sa barci sai ya farka sosai, ya sha ruwa bai yi amai ba, ma'aikata sun sallame shi. Kada a matsa a tafi don gudun rasa motar yamma. Magagi da tangaɗi kan kai washegari, don haka ba hawa babur shi kaɗai a baya, ba wasa kusa da rijiya ko wuta, ba makaranta a ranar. A mota a riƙe shi yadda ake ganin fuskarsa, kada haɓarsa ta faɗa kan ƙirji ta toshe numfashi. Goyo a baya a lulluɓe da mayafi bai dace da jaririn da bai gama wartsakewa ba. Idan numfashinsa ya canza, ko leɓensa ya yi duhu, ko ya ƙi tasuwa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko jiki ya feso da ƙuraje fuska ta kumbura, a nufi asibiti mafi kusa nan take, ko da an riga an kai Boɗinga ko Shagari.

Mai ɗaukar hoto ba shi ne mai fassara shi ba, kuma shirunsa ba alamar mugun labari ba ce. Likitan hotuna ne zai duba ya rubuta rahoto, wanda kan ɗauki kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki, sa'an nan likitan da ya turo ya haɗa shi da abin da ya gani a jikin yaron. Kafin a baro Sakkwato a tambayi ranar fitowar rahoton da ko wani ɗan'uwa zai iya karɓa, don a rage tafiya ɗaya. Yara da yawa masu farfaɗiya hotonsu kan fito lafiya lau, wannan kuma ba ya nufin babu cutar, ba ya kuma ba da izinin daina magani. Faifan da aka bayar da rahoton a adana su nesa da zafi da ƙura, a kuma ɗauki hoton rahoton a waya, domin idan aka sake yin wani bayan shekara, da na farkon za a gwada a san ko abin ya ƙaru ko ya tsaya.